Yadda za ka fitar da filin lantarki da dokar Gauss

Akwai wata amsa da na sha gani a takardun ɗalibaina, har na kai ina gane ta tun daga layin farko. An ba su ɗigon caji guda, Q, an ajiye shi a tsakiyar akwati mai fuska shida daidai wa daida, tsawon kowane gefe a, aka ce su nemo ƙarfin filin lantarki a tsakiyar fuska ɗaya. Sai ɗalibi ya rubuta E × 6a² = Q/ε₀, ya raba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Dokar da ya ɗauko gaskiya ce, rabawarsa ma babu tuntuɓe, amma abin da ya samu kaɗan ya ɗara rabin amsar gaskiya. Ni ma haka na rubuta a shekarar da na fara wannan karatu, kuma na daɗe ban ga inda na kauce ba, domin babu wanda ya faɗa mini cewa dokar Gauss tana da gaskiya a ko'ina amma ba a ko'ina take fitar da E ba. Sai inda siffar cajin ta riga ta gaya maka inda filin ya dosa. Wannan aiki na duba siffa, wanda ake yi kafin a ɗauki alƙalami, shi nake son in nuna maka.

Mu fara daidaita kalmomi. Filin lantarki, E, shi ne ƙarfin da kulom ɗaya na caji fozitif zai ji idan aka ajiye shi a wani wuri, kuma ana auna shi da nuton (ma'aunin ƙarfi) a kowane kulom (ma'aunin caji), N/C. Yana da girma, yana da inda ya fuskanta, shi ya sa muke zana shi da kibiya. Kwarara kuwa, wadda ake rubutawa da Φ, ita ce yawan filin da ya ratsa wata fuska. Ka ɗauki ƙawanyar waya ka riƙe a cikin ruwan sama mai sauka a miƙe. Idan ka kwantar da ita, bakinta na kallon sama, ruwa mai yawa zai bi ta ciki. Ka karkata ta, ya ragu. Ka tsayar da ita a kan gefenta, ɗigo ko ɗaya ba zai ratsa ba, ko da ana yin ruwan kamar da bakin ƙwarya. A lissafi, Φ = EA cos θ, inda A shi ne girman fuskar, θ kuma kusurwar da ke tsakanin kibiyar fili da wata kibiya da ta fito daga fuskar a tsaye cak. Ka kula da wannan sosai: daga kibiyar tsaye ake auna kusurwa, ba daga jikin fuskar ba. Idan fuskar rufaffiya ce, kibiyar tsayen waje take kallo, saboda haka abin da ya fita fozitif ne, abin da ya shiga negatif.

Dokar kanta gajera ce. Ka zana rufaffiyar fuska a zuciyarka, kowace irin siffa, mu kira ta ragar Gauss. Jimlar kwararar da ta ratsa ragar daidai take da cajin da ke cikinta an raba da ε₀, wato Φ = Q(ciki)/ε₀, kuma ε₀ kusan 8.85 × 10⁻¹² ne a ma'aunin C²/(N·m²). Caji mai girman 10⁻⁹ na kulom yana ba da kwarara kusan 113 N·m²/C, ko ragar ƙarama ce ko babba, ko zagayayya ce ko lauje-lauje gare ta.

Ina son ka ga dalilin hakan, kada ka haddace kawai. A 1785 Charles Coulomb, wani injiniyan soja a Faransa, ya auna cewa ƙarfin da ke tsakanin caji biyu yana raguwa da 1/r², inda r shi ne nisan da ke tsakaninsu. Girman fuskar ƙwallo kuma 4πr² ne. Idan ka ninka nisa sau biyu, filin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, fuskar da zai ratsa ta ninku sau huɗu, kwarara tana nan yadda take. Abin da Carl Friedrich Gauss na Jamus ya tsara a 1835 ke nan, kuma yau ita ce ɗaya daga cikin dokoki huɗu na lantarki da maganaɗisu da ake kira da sunan masanin kimiyya James Clerk Maxwell. Da a ce ƙarfin yana raguwa da 1/r³, da babu wannan doka kwata-kwata.

To ina ɗalibina ya kauce? Kafin ka ciro E ka ajiye shi gefe ka rubuta E × A, dole E ya zama girmansa ɗaya a duk faɗin fuskar, kuma yana ratsa ta a tsaye a ko'ina. A jikin akwati ba haka ba ne. Tsakiyar fuska tana da nisan a/2 daga cajin, lungun akwatin ya fi nisa, har filin da ke can kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke tsakiyar fuska, ga shi kuma a karkace yake ratsawa. Abin da ɗalibin ya fitar matsakaici ne na ɓangaren filin da ya ratsa a tsaye. Ba shi aka tambaya ba.

Ga yadda nake yi, kuma yadda nake sa ɗalibai su yi da baki kafin su rubuta komai. Ka dubi cajin ka tambayi kanka: wane juyi, wace turawa, wane kifewa zan yi masa ya zamana bai canja kama ba? Duk abin da ka yi wa caji bai canja ba, filinsa ma ba shi da hanyar canjawa, tunda cajin ne ya haife shi. Daga amsar za ka san inda kibiya ta dosa da abin da girmanta ya dogara a kai. Sai bayan nan ka zaɓi raga. Ragar kirki ita ce wadda kowane ɓangarenta ya faɗa ɗaya daga cikin biyu: ko dai filin yana ratsa shi a tsaye da girma ɗaya, ko kuma yana bin jikinsa bai ratsa ba. Kuma dole ragar ta bi ta daidai wurin da ake tambaya. Sannan ka ƙirga cajin da ke ciki, na ciki kaɗai.

Ƙwallo

A nan zan daɗe, domin wanda ya gane ƙwallo sauran ba za su ba shi wuya ba.

Ka ɗauki ƙwallo mai radiyus R, wato nisan tsakiyarsa zuwa bakinsa, da caji Q a warwatse daidai a cikinsa. Ka tsaya a wani wuri P a waje. Mu ce kibiyar fili a P ta ɗan karkata zuwa hagu. Yanzu ka soka tsinke daga P ya bi ta tsakiyar ƙwallon, ka juya ƙwallon a kan tsinken rabin zagaye. Cajin bai canja ba, P bai motsa ba, amma kibiyarka ta koma karkata dama. Caji ɗaya ba zai ba da amsa biyu a wuri ɗaya ba, saboda haka babu karkata. Kibiyar tana bin layin da ya fito daga tsakiya. Haka kuma duk wuraren da nisansu daga tsakiya ɗaya ne, ƙwallon bai bambanta su ba, don haka girman E ya dogara da r kaɗai. Ragar da ta dace ta bayyana da kanta: wani ƙwallo na tunani mai radiyus r, tsakiyarsu ɗaya da na gaske.

A waje, E × 4πr² = Q/ε₀, wato E = kQ/r², inda k = 1/(4πε₀), kusan 8.99 × 10⁹. Daidai da a ce an dunƙule cajin duka a ɗigo ɗaya a tsakiya. Isaac Newton ya tabbatar da irin wannan game da ƙarfin jan nauyi a 1687, da doguwar hujja ta zane da kusurwoyi. Mu layi biyu ya ishe mu, kuma har yau idan na rubuta su a allo sai na ji daɗin abin.

Mu sa lambobi. R = 0.10 m, Q = 5 × 10⁻⁹ C. A bakin ƙwallon, E = (8.99 × 10⁹ × 5 × 10⁻⁹)/0.01, kusan 4,500 N/C. A nisan 0.20 m daga tsakiya, kusan 1,120 N/C. Daga tsakiya ake auna r, ba daga bakin ƙwallo ba. Idan tambaya ta ce santimita 10 daga jikin ƙwallon, r ɗinka 0.20 m ne.

Yanzu ka shiga ciki, a ce ƙwallon na roba ne ko gilashi, abin da caji ba ya iya yawo a cikinsa. Ragarka mai radiyus r ta fi ƙwallon ƙanƙanta, don haka ba duk Q ta kama ba. Girman cikin ƙwallo yana tafiya da r³, saboda haka cajin da ke cikin raga shi ne Q × r³/R³. Ka sa a doka, r² biyu su cinye juna, ka samu E = kQr/R³. Filin sifili ne a tsakiya, yana hawa a miƙe har baki, daga nan ya fara gangarowa da 1/r². A misalinmu, a r = 0.05 m, E kusan 2,250 N/C ne, rabin na baki. Kullum ka gwada wannan: ka sa r = R a amsar ciki da amsar waje, dole su haɗu. Idan ba su haɗu ba, akwai inda ka yi kuskure wajen ƙirga caji.

Ba dole sai cajin ya warwatsu daidai ba. Ko ya fi cunkushewa a tsakiya, muddin cunkoson da r kaɗai ya dogara, hujjar juyin nan tana nan. Ƙirga cajin ciki ne kawai zai ƙara wuya, sai ka tara shi bawo-bawo.

Idan kuma cajin duka a kan kwanso yake, cikin fanko ne, ragar ciki ba ta kama komai ba. Kwarara sifili, kuma tunda siffa ta tabbatar E ɗaya ne a duk jikin ragar, E sifili ne a ko'ina a ciki, har dab da bango. Ɗalibai sukan ƙi yarda da wannan, su ce ai kusa da bango cajin da ke kusa zai rinjaya. Amsar ita ce na kusa yana da ƙarfi amma kaɗan ne, na nesa ba shi da ƙarfi amma yana da yawa, kuma 1/r² ne ya sa suka yi kunnen doki. Joseph Priestley ya bi wannan hanya ta baya a 1767: da ya ga babu alamar ƙarfin lantarki a cikin kwanon ƙarfe mai caji, sai ya ce lalle ƙarfin da 1/r² yake tafiya, shekara 18 kafin awon Coulomb. Henry Cavendish ya gwada shi da ƙwallo a cikin ƙwallo a farkon shekarun 1770, bai buga sakamakon ba, sai Maxwell ne ya fito da takardunsa a 1879.

Wani amfani da nake son ka riƙe: busasshiyar iska tana fara barin tartsatsi ya wuce idan fili ya kai wajen 3 × 10⁶ N/C. Ka juya lissafin, Q = Er²/k, za ka ga ƙwallo mai radiyus santimita 10 ba zai riƙe fiye da kusan 3.3 × 10⁻⁶ C ba. Duk ranar da lissafinka ya ba ka kulom guda cur a kan irin wannan ƙwallo, ka koma ka duba.

Doguwar waya

Waya miƙaƙƙiya wadda ba ta da ƙarshe, da caji λ a kowace mita. Ka tura ta gaba a kan tsawonta, ba ta canja ba. Ka juya ta a kan kanta, haka. Ka mayar da kanta gindi, haka. Wannan na ƙarshe shi ya hana filin bin tsawon wayar, rashin canja kamarta idan an kalle ta a madubi kuma ya hana shi kewaya ta. Saura ya fito a tsaye daga jikinta. Ragarka silinda ce, kamar gwangwani, mai radiyus r da tsawo L, wayar ta bi ta tsakiyarta. Murafan biyu ba su da kwarara domin filin jikinsu yake bi. Jikin gwangwanin girmansa 2πrL, cajin ciki λL. L ya fita daga ɓangarorin biyu, E = λ/(2πε₀r), ko 2kλ/r. Idan L ya saura a amsarka, ka yi kuskure, domin kai ka ƙirƙiro shi, wayar ba ta san da shi ba.

Da λ = 3 × 10⁻⁹ C/m a nisan 0.06 m, E kusan 900 N/C ne. Babu waya marar ƙarshe a duniya, amma idan wayar mita ɗaya ce kuma kana daidai tsakiyarta a wannan nisa, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ka ja baya zuwa mita ɗaya, lissafin zai ba ka fiye da ninki biyu na gaskiya. Ma'anar "marar ƙarshe" ke nan a aikace: nisanka ya zama ƙarami ƙwarai a kan tsawonta, kuma ka yi nesa da bakunanta.

Shimfiɗa, da rigimar lamba 2

Falle mai faɗi marar iyaka, da caji σ a kowace murabba'in mita. Filin yana fita a tsaye ta fuska biyu. Ka soka ɗan gajeren gwangwani ya ratsa fallen, murfi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, nisansu daga fallen ɗaya. Wannan karon jikin gwangwanin ne ba shi da kwarara, murafan ne ke aiki: 2EA = σA/ε₀, wato E = σ/(2ε₀). Babu r a ciki. Ka matsa ka ja baya, filin ɗaya ne, domin layukansa a jere suke tafiya, ba su da inda za su bazu. Ɗigo yana baza su ta ko'ina sai ya ba da 1/r², waya tana baza su a kewaye kawai sai ta ba da 1/r, falle ba ya baza su sam. Da σ = 8.85 × 10⁻⁹ C/m² za ka samu 500 N/C. Ka jera falle biyu, ɗaya fozitif ɗaya negatif, a tsakaninsu filayen su haɗu su zama σ/ε₀, a waje su kashe juna. Tushen kafasita ke nan, wato na'urar adana caji.

Sai ga littafi ya ce a jikin ƙarfe E = σ/ε₀, babu 2. Na ga ɗalibai da yawa sun rikice a nan, suna zaton ɗaya daga ciki kuskuren bugu ne. Ba haka ba ne. A cikin ƙarfe caji yana da 'yancin motsi, kuma zai yi ta motsi har sai filin cikin naman ƙarfen ya zama sifili, in ba haka ba ai da bai tsaya ba. Idan ka soka gwangwaninka a jikin ƙarfe, murfi ɗaya yana cikin ƙarfen inda babu fili, murfi ɗaya kaɗai ke da kwarara: EA = σA/ε₀. Kada ka haddace wanne ne mai 2. Ka zana gwangwanin ka ƙirga murafan da fili ya ratsa.

Wannan sifilin na cikin ƙarfe yana ba ka damar juya dokar, ka nemo caji daga fili. A ce ƙwallon ƙarfe yana da rami a ciki, an rataye caji +q a ramin bai taɓa bango ba. Ka zana raga da ta bi ta cikin naman ƙarfen duka, ta kewaye ramin. E sifili ne a jikinta, don haka jimlar cajin ciki sifili ne, dole ke nan −q ya taru a bangon ramin. Idan ƙarfen da ma ba shi da caji, +q zai bayyana a fatarsa ta waje. A 1836 Michael Faraday ya gina ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe, ya lulluɓe shi da ƙarfe, ya shiga ciki da na'urorin awonsa aka yi ta loda wa ɗakin caji har tartsatsi na tashi a waje, na'urorin ba su nuna komai ba.

Akwai tarko ɗaya da ya fi duka kama mutane. Kwarara sifili ba ta nufin fili sifili. Ka sa +q da −q a raga ɗaya, jimlar caji sifili, kwarara sifili, amma fili yana nan a ko'ina a jikin ragar, yana fita ta nan yana shiga ta can. Haka cajin da ke wajen raga: ba ya ƙara komai a jimlar kwarara, tunda abin da ya shiga ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan, amma yana cikin E a kowane wuri. E ɗin da ke cikin dokar na dukkan cajin duniya ne, Q ne kaɗai na ciki. Abin da ya sa muka iya cewa E sifili ne a cikin kwanso shi ne siffa ta riga ta ba mu izinin ciro E. Ga caji biyu, ga gajeren sanda, ga zobe, ga faifai, babu wannan izini, sai ka koma ga Coulomb ka tara gutsure-gutsure.

Amma idan kwarara aka tambaya ba fili ba, akwatin nan na farko yana da amfani. Caji a tsakiya, fuskoki shida babu wadda ta fi wata, kowace ta samu Q/(6ε₀). Ga wadda nake ba ɗalibai su tafi da ita gida: a mayar da cajin lungun akwatin, daidai kan tsinin da fuskoki uku suka haɗu. Dabarar ita ce ka jero wasu akwatuna bakwai irinsa a kewaye, su zama babban akwati guda mai cajin a tsakiyarsa. Kowane ƙaramin akwati ya samu Q/(8ε₀). Fuskoki ukun da suka taɓa cajin ba su da komai, domin filin jikinsu yake bi. Ukun da ke nesa su raba daidai, kowace Q/(24ε₀). Ka tabbatar ta wata hanya: babban akwatin yana da fuska shida, kowace an yanka ta gida huɗu, 24 ke nan.